Kilomita Biyar a Motar Madam Uchechi

Zuwa ga sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, inuwar darbejiyata, Gumsu Maman Zulfa,

Bayan gaisuwa mai yawa kamar cunkoson motoci a mahaɗar Bata, ki yi haƙuri da rubutun. A aji uku na tsaya, ragowar karatun a ƙarƙashin mota na yi shi.

Yau kwana tara da tafiyarki gidan Yaya Baffa a Fagge. Kwana tara, Gumsu! Zuciyata ta zama batirin da aka bar wa fitila a kunne. Jiya Zulfa ta je makaranta da kitson da na yi mata, malamarsu ta bugo tana tambaya ko lafiya.

Na yi laifi, ban musa ba. A kamfaninmu, in an gama gyaran mota, makanike yakan zaga da ita kilomita biyar don gwaji. Ni kuwa na ce, wa ya cancanci kilomita biyar ɗin nan in ba tauraruwata ba? Kin tuna yadda kika hakimce a gaban jif ɗin, cikin ankon sunan ƙanwarki, sanyin esi yana kaɗa mayafinki kamar ganyen dabino? Wallahi a lokacin na manta motar ba tawa ba ce. Na kuma manta da na'urar bin sawun da ke jikinta, wadda ni da hannuna na ɗaura wa mai motar, Madam Uchechi, har na koya mata dubawa a waya. Kai, Abdulgani! Wane irin injiniya ne kai?

Sauran kin fi ni sani. Ta biyo mu a adaidaita, ta tare mu a Sabon Gari, ta sauke ki da kular funkasonki, 'yan kasuwa suna kallo. Manaja ya dakatar da ni mako biyu, ko a jikina. Kallon da kika yi mini ne ya kwance duk wani noti da ke riƙe da ni.

Ki dawo, farin watana! Ina amfanin gidan da babu faɗanki a ciki? Ranar Juma'a bayan la'asar zan zo biko, kuma ba da motar kowa ba. A ƙasa zan taho. Ki tambayi duk Fagge, ƙafafun nan nawa ne, babu Madam ɗin da za ta tare mu ta karɓe su.

Naki har ranar da injina zai tsaya cak,
Abdulgani