Akwatin Ji da Tarin Ɗela

Litinin, 3 ga Yuni, 1957
Jiya da la'asar na dawo Magariya, abin yana aljihuna. Ɗan akwati ne, bai kai tafin hannu ba, da waya mai reshe biyu, kowane reshe da ɗan maɓallin da ake cusawa a kunne. Lokotoron soja, wato likitansu, a Damagaram ya ce rabon tsofaffin sojan da igwa ta kurmantar ne, sunana ya fito. Da hannunsa ya sa mini, ya ce, "Sarsan Gajere, kana ji na?" Na zabura har kujera ta faɗi. Tun ranar da igwar nan ta fashe kusa da raminmu ban ƙara jin sunana a fili haka ba.
A hanya na cire. Ƙarar kamyo, babbar motar kayan da na hau, ta fi ƙarfina.

Talata, 4 ga Yuni
Na sa shi da hantsi a tsakar gida. Ashe gidana ba shiru gare shi ba. Kaji, taɓarya, guga a bakin rijiya. Rigata ma tana da baki, in na motsa ta gogi akwatin, kamar ana jan buhu a kan tsakuwa.
Matata Ɗela ta kawo fura, ta ɗaga murya yadda ta saba, kaina ya kusa tsagewa. Na ce ta sassauta, ina ji. Ta tsaya da ƙwarya a hannu tana kallona kamar baƙo. Muryarta ta yi kauri. Wadda na tafi yaƙi da ita a kaina siririya ce.

Juma'a, 7 ga Yuni
Na ji Fatiha daga bakin liman. Na kasa cewa amin.
Da aka sallame mutane suka kewaye ni, kowa sai ya taɓa wayar. Maikano mai atamfa, abokina tun muna kiwon awaki, ya ce a bi ni a hankali yanzu, na zama kunnen kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasa. Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma na lura, wasu sun rage murya da na matso.

Lahadi, 9 ga Yuni
Ciwon kai. Ban sa ba.

Laraba, 12 ga Yuni
Ruwan shuka ya sauka jiya, yau muka fita gona. Hadari ya sake haɗowa, aradu ta faɗi gabas da mu. Ban san lokacin da na zube rub da ciki ba, hannu a ka, rairayi a baki. Na ɗauka na bar wannan abu a ƙasar Turawa. Ɗela ta kama ni na tashi, ta karkaɗe mini riga, ta miƙo mini sungumina.
Kurma ba ruwansa da aradu. Na yi tunanin in mayar musu da kayansu.

Asabar, 15 ga Yuni
Ɗela ta canja. Da, in ina tufkar igiya a gindin tsamiya, takan zauna gefena tana tsince wake, bakinta yana motsi. Ban taɓa sanin ko waƙa take ko tasbihi ba, ban kuma tambaya ba. Yanzu da ta ga waya a kunnena sai ta ɗauki faifanta ta koma bayan ɗaki.
A can na ji tana tari. Mai zurfi, irin wanda ba ya son ƙarewa. Na tambaye ta, ta ce ƙaiƙayi ne ya shige ta.

Talata, 18 ga Yuni
Tarin nan kuma. Tana toshe shi da bakin zane. Ƙaiƙayi, ba sussuka aka yi ba?

Alhamis, 20 ga Yuni
'Yarmu Uwani ta zo daga Dungas, wai ta ga abin mamakin da aka sa wa babanta. Ta yi sallama daga zaure, na amsa ina tambayar ko wace ce. Tana tatata na bar ta na tafi soja, ban san muryarta ta girma ba. Sai da ta yi ta kiran "Baba, Baba" tana dariya, hawaye na zuba.
Da uwarta ta tafi rijiya na tambaye ta zancen tarin. Ta sunkuyar da kai. Ta ce tun kakar bara ne, maƙwabta duk sun sani, Inna ce ta hana a nuna mini. Ta kuma gaya mini abin da ban sani ba: wai motsin bakin nan ba waƙa ba ne. Da ni take magana. Kullum, tun dawowata. Abin da ya ɓata mata rai, wanda ya mutu, mafarkin da ta yi, har faɗan da take so ta yi mini. Uwani ta ce a haka ta tashi tana ji.
Ni kuwa ina tufka igiya.

Asabar, 22 ga Yuni
Bayan azahar Ɗela ta zo gindin tsamiya ta zauna. Can ta ce, "Maigida, cire abin nan, ina da magana."
Na cire. Na aje shi a kan tabarma inda za ta gani.
Ta juya fuskarta gefe don kada in karanta leɓenta, ta yi ta yi. Ina kallon kafaɗarta da jijiyar wuyanta. Sau ɗaya ta share ido. Da ta gama ta tashi da sauƙin jiki, kamar wadda ta sauke tulu.
Ban san ko haushi nake ji ba ko me.

Litinin, 24 ga Yuni
Yau ma ta zo ta zauna. Na kai hannu zan cire, sai ta riƙe mini hannu. Ta ce in bar shi.
Ta yi ta murza bakin zane. Sannan ta faɗa, a hankali, sai da na ƙara wa akwatin ƙarfi. Akwai jini a tarin. Haka uwarta ta yi a Yekuwa, damina ɗaya ta ɗauke ta. Ba ta so a kai ta gidan likitan Nasara ta mutu cikin baƙi. Kuma in ta tafi, wa zai taɓa ni ya ce an kira salla, wa zai tsaya mini in baƙo ya yi sallama?
Na ce ai yanzu ina ji da kaina.
Ta ce, "To, ka ga ba ni da sauran aiki ke nan."
Mutumin da ya daɗe ba a gaya masa magana ba, shi ma ya manta yadda ake mayarwa. Na dai ce za mu Damagaram, ƙafata ƙafarta, ba zan bar ta da kowa ba.

Juma'a, 28 ga Yuni
Maikano ya samar mana wuri a kamyon da zai ɗauko masa kaya. Uwani za ta riƙe gida, mijinta zai duba gona.

Talata, 2 ga Yuli
Damagaram. Lokotoro ya sa tasa wayar a kunnuwa biyu, ya ɗora bakinta a bayan Ɗela. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce ashe kowa da irin tasa. Ciwon huhu ne. Ya ce bai yi nisan da ba a kamo shi ba, in dai ba ta tsallake allura ba, kuma ana iya yi mata a Magariya. Na ji kowace kalma da kunnena, ban jira wani ya kwatanta mini da hannu ba. Na sa ya maimaita sau biyu duk da haka.

Laraba, 17 ga Yuli
Gero ya rufe ƙasa. Allura tana wahalar da ita, amma tana cin tuwo.
Pil ɗin akwatin, wato batirinsa, ya fara rauni, sabo kuma sai an aiko daga Damagaram, ban san yaushe ba. Na daina kunna shi a kasuwa da wurin hirar Maikano. Na ce masa hayaniya ce ba na so.
Ɗela ta tambaye ni me ya sa nake tsayawa a zaure in sa waya kafin in shigo. Na ce don in ji ko awaki sun shiga dangar wake. Ta yi dariya har tarin ya taso. Na zauna na jira ya lafa, sannan ta ci gaba da labarin da ta faro mini jiya.