Ni Na Ce Ya Tafi

Litinin, 4 ga Mayu
Autanmu na hannun 'yan sanda. Jiya yana dawo da ni daga awon jini, ya buge wani mai keke a kwanar gidan mai. Mutane suka yo kanmu. Har ya kama murfin mota zai fita, na riƙe masa riga na ce, "Tafi! Kashe ka za su yi." Ya ja motar muka tafi. Tun yana goye a bayana bai iya yi mini musu ba.
Da safe ya kai kansa.

Talata, 5 ga Mayu
Lauya ya ce za a ba da beli in akwai mai tsaya masa. Ya karanta mini bayanin Auta. Wai shi kaɗai ne a motar. Na yi istigfari. A zuci kawai.

Laraba, 6 ga Mayu
Na kai masa abinci. Ya rame, amma tambayarsa ta farko, "Yaya, kin sha maganinki?" Na ce mu faɗi gaskiya. Ya yi dariya. "Ke da kike mayar da allurar aro har da zarenta, a gan ki gaban alƙali? Rufa mini asiri."

Alhamis, 7 ga Mayu
Asibiti. Mai keken dattijo ne, gyaran agogo yake yi. Ƙafar a ɗaure har cinya. Na ce dubiya na zo, matarsa ta matsa mini a benci. Ya ce, "Baiwar Allah, direban ban gan shi ba. Wata mata dai na hango a gaba, tana ta waiwayena har suka ɓace. Ita kam da son ranta ne, da sun tsaya."
Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Ban san yadda na fito ba.

Juma'a, 8 ga Mayu
Na buɗe Alƙur'ani, shafi ɗaya na kasa wucewa.

Litinin, 11 ga Mayu
Na sa hannu, an ba ni shi. Yanzu yana barci a kan tabarmata, ƙafa ɗaya a waje, yadda ya saba tun yana ƙarami. Ban tashe shi cin abinci ba.
Ba wai na yanke wata shawara ba ce. Na dai tambayi lauya ko 'yar'uwar mutum tana iya ba da shaida, da kuma ƙarfe nawa ake shiga kotu. Ya ce tana iya, kuma ƙarfe tara ne.
Na goge mayafina.