Notocin tayar baya

Daren Laraba, lokacin tsinkar auduga.

Jiya na karɓo motata daga kamfanin da ya sayar mini da ita a Madani, wai sun gyara birki. Usta, babban makanikensu, har da dukan ƙirji, wai komai ya yi daidai: "Tamam, ya Haj!"

Yau ina tafe bakin tur'a, wato magudanar ban-ruwa, da masu tsinka cike da mota, sai ɗaya daga cikinsu, Inna Hajo, ta ƙwala ihu: "Malam, ba tayarka ce ta wuce mu ba?" Ita ce kuwa. Ƙarfen birki ya ci ƙasa ya tsage. Allah dai ya tsare rayuka.

Yanzu na tuna, jiya makanikan suna cikin ɗaure notocin tayar aka kira su karin kumallo, suka watse.

Na tsinto notoci uku a hanya. Gobe lokacin cin nasu zan je, in zuba wa Usta su cikin kwanon wakensa.