Kamu Shida a Sakan

Asabar, 7 ga Oktoba, 2023
Na sake yin rajistar jarrabawa. Fiziks ce kaɗai ta tsare min hanyar shiga makarantar kiwon lafiya, sau biyu tana kayar da ni. Shekarata talatin da shida, ba zan je na huɗu ba. Maigidana Muttaka ya ce, "Ga ɗiyarki tana poli, ki bari ta koya miki mana." Ɗiyar fari fa! Wadda ko sunanta ban taɓa kira ba, a Moriki ta tashi wurin kakarta. Na ce ya rufa min asiri.

Talata, 10 ga Oktoba
Na zauna ni kaɗai da littafi. Gudun igiyar ruwa. Na karanta sau huɗu, har miya ta kama.

Asabar, 14 ga Oktoba
To, yau dai na ce, "Ke, zo nan." Ta zo tana sunkuyar da kai, ni ma ina kallon bango. Ta kwance igiyar shanya, ta ɗaure gefe ɗaya a turken akuya, ta ce in yi ta kaɗawa sama da ƙasa. Igiya ta riƙa tafiya tudu-tudu. Sau ashirin na kaɗa a sakan goma, wato biyu a sakan. Ta ɗauki hoto da waya, muka duba inda tudu biyu suka faɗo a bango, muka sa gawayi. Wai tazarar nan za a ninka da yawan kaɗawa a sakan, shi ne gudun. Ashe abin ke nan! Shekara biyu ina tsoronsa.

Na auna da hannuna yadda nake auna yadi, kamu uku. Na rubuta: kamu shida a sakan. Yarinyar nan ta toshe baki, dariya ta ƙi ɓoyuwa. "Inna, mai duba takarda ya san tsawon hannunki ne?" Na ji haushi, wallahi. Sai ta kara hannunta da nawa, nata ya ɗara da yatsa biyu. Yaushe ta yi tsawo haka?

Tef ɗin tela ya ba mu mita ɗaya da rabi. Mita uku a sakan.

Lahadi, 22 ga Oktoba
Tabarma ɗaya muke zama yanzu. Tana da faɗa in na manta rubuta mita. Irin faɗana sak.

Alhamis, 23 ga Nuwamba
An yi jarrabawar. Tambayar ta fito, da wasu lambobi. Na amsa ta tsaf. Alhamdu lillahi.

Talata, 27 ga Fabrairu, 2024
Sakamako ya fito. Muttaka ne ya duba a wayarsa, gida cike da mata 'yan barkan haihuwar ƙanwarsa. Kiredit! Ban san sanda na miƙe na ƙwala wa ɗiyata kira da sunanta ba. Gwaggo Hauwa'u ta riƙe haɓa, "Lallai Sa'adiya, boko ya cinye kunya." Ita kuwa ta fito daga madafi da ludayi a hannu, tana waige-waige, don ba ta taɓa jin sunan a bakina ba.

Suɓutar baki ce kawai. Da la'asar na aiki ɗiyar tawa, Muhsina, ta sayo min sabon littafin rubutu.