Allon Shagon Baba

Umma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ya jiki, ya ƙafar nan taki? Da fatan ta yi sauƙi. Yara da uwarsu suna gaishe ki.

Raina a ɓace nake rubuto miki. Autanki ya turo mini takardar lauya, wai in sauke allon shagon Baba. Ashe shi da abokin kasuwancinsa sun buɗe ƙaton shagon kujeru mai gilashi, sun je sun yi wa sunan shagon Baba, Kujerun Tsaf-Tsaf, rajista, yanzu wai nasu ne. Kin ji ƙarfin hali! Yaron da bai taɓa buga ƙusa ta tafi daidai ba. Allon nan Baba ya rubuta shi da hannunsa da ragowar koren fenti, har harafin ƙarshe ya karkace don wuri ya ƙare masa. Ni na riƙe masa tsani ranar.

Ni ma na ɗauki lauya, wata mata ce mai faɗin gaskiya ba kwana-kwana. Ta ce sakacinmu ne da ba mu yi rajista ba. Na ce mata wa yake yi wa sunan ubansa rajista, alhali duk layin nan an san mu? Ta ce kotu ba ta san layinmu ba, shaida ta sani. Amma tunda mun daɗe muna aiki da sunan, muna da magana, in har wani zai tsaya ya ce Baba ni ya bar wa shagon da sunansa. A gabanki ya miƙo mini makullai a gadon asibiti, daga ni sai ke a ɗakin. Ki zo ki faɗa, Umma. Zan turo mota.

Ki huta lafiya.
Ɗanki, Dogo

Umma,

Ina gaisuwa. Ya ƙarfin jiki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Goggo ta isar da saƙonki: ba za ki tsaya gaban alƙali ki zaɓi ɗa guda ba, in yi haƙuri tunda ni ne babba. Tun muna yara haka ake yi. Auta ya fasa, Dogo ya yi haƙuri. Ban ce ki zaɓe ni ba, cewa na yi ki faɗi abin da idonki ya gani.

Bari ki ji abin da haƙurin yake jawowa. Wata mata ta sauke mini kujera a ƙofar shago, ƙafa ɗaya a karye, surukarta ta faɗo daga kai ta gurɗe hannu. A wurin Auta ta saya, amma sunan ɗaya ne, sai ta zo inda ta sani. A gaban mutane ta dube ni ta ce, "Ashe haka aikin gidanku ya koma?" Na kifa kujerar na duba cikinta. Ɗanyen katako ne aka manna da gam, sai ruɓaɓɓen soso da aka rufe da yadi mai ƙyalli. Na gyara mata kyauta, ina yi ina jin kamar in haɗiyi zuciya. Baba, mutumin da ba ya sakin kujera sai ya zauna a kai ya girgiza ta ya ce tsaf, yau sunansa ke kan wannan tarkacen.

Tsofaffin masu sayen kayanmu da na nema su yi mini shaida kuwa, da sun ji kalmar kotu sai kowa ya tuna yana da tafiya. Mai askin da ke maƙwabtaka da mu kaɗai ya yarda zai je. Har yanzu motar tana jiranki.

Ɗanki, Dogo

Umma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya.

An yanke hukunci, an ba Auta sunan. Mai aski ya yi iya ƙoƙarinsa, amma da aka tambaye shi ko yana wurin da Baba ya ba ni shagon, ya ce ba ya nan, kuma gaskiya ya faɗa. Lauyan Auta ya ce mu biyun 'ya'yan marigayi ne, ɗaya kuma yana da rajista. Duk wanda ya turo ƙofar kotun sai na waiwaya. Ba ki zo ba.

Na sauke allon da kaina, ban bar ma'aikata sun taɓa ba. Inda yake a bango ya bar fari fes, kowa ya wuce sai ya ɗaga kai. Ko tsanin ban mayar ba sai ga abokin kasuwancin Auta da murmushinsa, wai su suna son tsohon allon, za su rataye shi a shagonsu don masu saye su ga sunan ya daɗe. Allah ne Ya riƙe hannuna, don guduma na kusa. Na tambayi lauyata, ta ce sunan aka ba su, katakon ba ya cikin hukunci.

Ga shi nan na naɗe shi da bargo na ba direban da ya kawo miki wannan wasiƙa. Ina fushi da ke, Umma, ba zan ɓoye miki ba, kuma hakan bai rage komai a son da nake miki ba. Auta zai zo nemansa, kin san zai zo, da tsarabarsa da daɗin bakinsa. Kin ƙi magana a gaban alƙali. To, a ɗakinki babu lauya babu Goggo, ke da shi ne da rubutun mijinki. Ki ba shi ko ki hana shi, ni dai zan ji labari.

Ki riƙa shan maganinki a kan lokaci.
Ɗanki, Dogo