Giwa Ba Ta San Sabon Faifai Ba

Litinin, 3 ga Maris

Faifan Giwa ya mutu yau. Ina tsaye a gabanta aka yi: wata ƙara kamar ana kankare ƙasan tukunya, sai warin ƙuna, sai shiru. Na buɗe, allurar karatu ta nome fuskar faifan. Babu maganar gyara.

Giwa dai sunan da ma'aikata suka laƙa wa kwamfutar masaƙarmu ne tun ranar da aka shigo da ita, don ta fi firji biyu girma. Duk awon rini da zanen zannuwa a cikinta suke. Ni ma kusan a cikinta nake, don ban san wani aiki ba sai jinyarta. Abin da ya hana ni zama a ƙasa shi ne tef ɗin da ke cikin kabad, wanda na kwafe babbar manhajar da ke tuƙa ta da dukkan bayanan a kansa.

Laraba, 5 ga Maris

Manaja ya kira ni. Ko kujera bai nuna min ba. "Injiniya, zuwa ƙarshen wata. In ta tashi, to. In ba ta tashi ba, masu kamfani za su kawo ƙananan kwamfutoci da mutanensu."

Bai ambaci gida ba, ni na ambata wa kaina a hanya. Gidan da muke ciki na ma'aikata ne, ranar da aiki ya tafi makulli zai bi shi. Ni da Maman yara ko a shago ma kwana. Inna, mahaifiyata, fa? Idonta ya daɗe da rufewa, amma a gidan nan ba ta neman ɗan jagora. Da hannu ta haddace shi: bango, ƙofar banɗaki, famfo, kujerarta ta bakin taga. A kai ta wani gida, an ɗaure ta a kan gado ke nan.

Ban gaya wa kowa ba.

Litinin, 10 ga Maris

Sabon faifai ya iso. Ba irin namu ba ne, an daina yin irin namu tuntuni. Wani kamfani dabam ya ƙera shi, kuma ya ninka tsohon girma. Manaja sai murmushi yake kamar ya saya min mota.

Laraba, 12 ga Maris

Na ɗora tef. Tunda babu faifan da za ta tashi daga kansa, sai da na shigar mata da umarnin farko da hannu, da maɓallan gabanta, sama ƙasa, sama ƙasa. Yatsa ya kuskure ɗaya, a koma farko. Na koma farko har na daina jin haushi.

Tef ya juya, allo ya tambaye ni wane irin faifai. Ya jero irin waɗanda ya sani, namu babu. Na zaɓi wanda ya fi kama da shi. Ta rubuta, ta rubuta, na kashe na kunna. Fitilun gabanta suka ƙifta sau ɗaya suka sandare.

Alhamis, 13 ga Maris

Haka dai.

Juma'a, 14 ga Maris

Sarkin Rini, shugaban masu rini, ya leƙo da hannuwansa shuɗi har gwiwa. Tun da Giwa ta kwanta da ido suke awo, jiya sun fitar da kore mai kama da miki. "Injiniya, mu kawo ruwan wanka ne ko da sauran numfashi?" Na yi dariya don kada ya ga idona.

Matsalar ita ce manhajar ta haddace tsohon faifan: allura nawa, zobe nawa, yanki nawa a kowane zobe. In ta ce a ba ta abu daga wuri kaza, sabon faifan sai ya miƙo mata na wani wuri. Kafin in gyara mata lissafin sai tana aiki, ita kuma ba za ta yi aiki ba sai an gyara. Kaina har ciwo yake.

Talata, 18 ga Maris

Ta tashi! Na tayar da guntuwar manhaja daga tef, na nemo inda aka rubuta siffar faifai, na canza lambobin zuwa na sabon. Allo ya gaishe ni. Wallahi sai da na shafa gefenta.

Farin cikin bai kai la'asar ba. Sarkin Rini ya nemi awon ja, ta ba shi rabin awon ja da rabin zanen wani zani. Tana rubuta wani abu a kan wani. Ashe ba wuri ɗaya suka binne lambobin ba: suna cikin mashigar farko, suna cikin direban faifai, wato guntuwar manhajar da ke isar da saƙo tsakaninta da faifan, suna wasu lungunan da ban gano ba tukuna. Waɗanda suka rubuta ta ba su taɓa kawowa a ransu cewa faifan nan zai mutu ya bar ta ba.

Na goge komai. Tef, daga farko.

Juma'a, 21 ga Maris

Na gano lungu biyu, na gyara, wani ya ɓalle. Tef ɗin ma ya fara laushi a gefe. In ya tsinke shi ke nan.

Maman yara ta ce, "Malam, kana cin abinci kamar ana bin ka da bulala. Lafiya?" Na ce aiki ne. Ta dube ni irin kallon nan nata, ta kwashe kwanuka.

Lahadi, 23 ga Maris

Inna ta yi tuntuɓe. Maman yara ce ta matsar da bokitin ruwa don ta yi shara, ta manta ba ta mayar ba. Ba ta ji ciwo sosai ba, ɗan ƙwarzane ne a ƙauri, amma faɗa kam mun sha shi.

"Ni ba sabon wuri zan koya da tsufana ba. Ku bar min abu inda na san shi, ku yi duk hidimarku a gefe."

Maman yara tana ta "Yi haƙuri, Inna," ni kuwa na tsaya riƙe da bokiti kamar wawa. Sati biyu ina tilasta wa Giwa koyon sabon faifai.

Talata, 25 ga Maris

Na mayar da duk lambobinta yadda suke a da. Na bar ta da imaninta cewa tsohon faifanta na nan. A cikin direba kawai na cusa ɗan lissafi: in ta nemi wuri da tsohon kwatance, shi zai juya shi zuwa na sabon faifai ba tare da ta sani ba. Rabin faifan zai zauna fanko har abada. Manaja zai ce asara. Sai ya yi ta faɗa.

Laraba, 26 ga Maris

Tun safe tana aiki. Ja ya fito ja. Sarkin Rini ya rungume ni, ya ɓata min riga.

Na kasa yin murna sosai, ban san dalili ba.

Juma'a, 28 ga Maris

Yanzu na sani. Manaja ya ba ni kujera yau, tun daga nan na san ba alheri ba ne. "Injiniya, ka fitar da mu kunya. Da ma abin da ya tsayar da masu kamfani shi ne yadda za a ciro bayanan, don babu injin da ke karanta tef ɗin nan sai ita. Tunda ta tashi, mutanensu za su zo Litinin su kwashe."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai cewa ka yi in ta tashi..."

"Na ce in ta tashi, to."

Ashe da hannuna na buɗe musu ƙofa. Da na bar ta a kwance wataƙila da sun yi ta lallaɓa ni har baɗi. An ba mu wata guda mu bar gidan.

Asabar, 29 ga Maris

Na gaya wa Maman yara. Ba ta yi kuka ba. "Inna fa?" kawai ta ce.

Litinin, 31 ga Maris

Sun zo da wayoyinsu. Mutanen kirki ne, abin haushi. Ɗaya ya duba abin da na yi a direba ya ce dabara ce mai kyau. Kafin azahar sun tsotse ta tas. Ni na kashe ta, ban yarda wani ya taɓa makunnin ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Ban fita ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mun samu ɗaki biyu a bayan kasuwa. Ƙanana ne, banɗaki a hagu maimakon dama, ga dakali a bakin ƙofa. Jiya da na gani na ce ba zai yiwu ba, na fito ina zage-zage.

Yau dai na sayi igiya. Ba wai don wani abu ba. A nan tsohon gidan na auna daga gadon Inna zuwa ƙofa na ƙulla, daga ƙofa zuwa bokiti na ƙulla. A sabon wurin, in na juya gadon ya kalli ɗaya bangon, banɗaki zai dawo hannun damanta. Kabad zai tare inda ɗakin ya fi faɗi, kusurwa guda ta zauna fanko. Dakalin nan kuwa guduma ce maganinsa, in mai gida ya yarda.

Ina durƙushe ina ƙulli sai na ji muryarta a kaina. "Auta, me kake ja a ƙasa?"

Na ce labule nake aunawa.

Ta miƙo hannu. Can ta laluba ta kamo igiyar, ta bi ƙulle-ƙullen da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe.

"Ka manta kujerata," ta ce. "Riƙe nan, ni zan ja maka zuwa taga."