Wadda Ta Tofar da Kofi

Alhamis da dare, Deira

Yau a shagonmu na abaya da ke unguwar Naif, nan ƙasar waje, Hajiya Rabi ta miƙo mini wayarta tana dariya har da hawaye. "Zulai, yalla, zo ki ga angonki!"

Nasiru ne, a shirin hirar nan da ake ɗauka a filin golf, inda ake zagayawa da baƙo a ƙaramar mota, kowa da kofi a hannu. Tun da ya fara barkwanci yake mafarkin a gayyace shi. Wallahi na taya shi murna.

Ya kai wa ƙwallo duka ya kuskure, ya ce wannan ai noma ne babu girbi. Na yi dariya. Sai aka tambaye shi batun kofi, ya kawo labarin ranar da na fara kurɓar baƙin kofi na tofar, na ce jiƙon maɗaci ne. Har muryata ya kwaikwaya. Mu biyu kaɗai muka san wannan.

Mai shirin ya ce, "Wace ce ita?"

Ya ce, "Wata ce da muka yi soyayya a da. An wuce wurin, khalas."

Hajiya ta janye wayarta a hankali. Ni kuwa na ci gaba da ninke abaya.

Da bakinsa fa ya ce in gaya wa Baba magabatansa za su zo bayan Sallah, kuma na gaya masa.

Na kira shi bayan isha'i, bai ɗaga ba. Sai ya turo mini bidiyon, wai in taimaka in tura wa ƙawayena.